Kwaɗon kududdufi ba abin kiwo ba ne

Da zarar ruwa ya zauna a Garwa, a arewacin Kamaru, daga watan Yuni zuwa Satumba, duk ramin da masu bulo suka haƙa sai ya zama kududdufi, kowane kududdufi kuma ya cika da 'ya'yan kwaɗi. Lokacin ya dace da babban hutun makaranta, don haka yara kan riga manya sani. Za ka gan su da la'asar a bakin ruwa, an nannaɗe wando, kowa da gwangwanin madara ko gorar ruwa da aka yanke wa kai, suna kamfatar baƙaƙen 'ya'yan nan masu jela. Wasan tsoho ne, iyayensu ma sun yi. Abin da ya sauya shi ne inda yake ƙarewa. A da yaro yakan gama wasansa a bakin ruwa, in an kira magariba ya juye gwangwani ya ruga gida. Yanzu gwangwanin ke biyo shi gida, a ɓoye a bayan ɗaki ko ƙarƙashin gado, da sunan kiwo. Yayyensu masu waya sun ga bidiyo a TikTok da YouTube, wani a Amurka ko Japan yana ciyar da kwaɗo mai launi a akwatin gilashi, an yi masa fitila da shuke-shuke, sai suka ce ai mu ga su nan kyauta a bayan gida.

Ni ban yarda da wannan kiwon ba, kuma ina ganin nauyin hana shi yana wuyan manya: iyaye, yayye, malaman allo da na boko. Ban ce a kori yaro daga kallon kwaɗi ba. Yaron da ya durƙusa yana duba yadda ɗan kwaɗo ke fitar da ƙafafu karatu yake yi, karatu mai kyau kuwa. Abin da nake ƙi shi ne a ɗauko halittar da ba a san cinta da shanta ba, a kulle ta har ta mutu, a zubar a bola, gobe a koma a ɗebo wata.

A wajen ruwa aka fi yin ɓarna ba da sani ba. Kwaɗo ba ya shan ruwa da baki. Ta fata yake tsotsa, musamman fatar ciki da ta cinyoyi, kuma ta wannan fatar yake samun wani kaso na iskar da yake rayuwa da ita. Fatar tasa kamar ƙyallen tatar koko take, abin da ke cikin ruwa shi ke ratsawa jikinsa. Ruwan famfo da muke sha an sa masa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, ɗan'uwan javel ɗin da mata ke wanki da shi. Mu yana kare mu daga kwalara da taifot. Ɗan kwaɗo mai jela kuwa, wanda ke numfashi a cikin ruwa irin na kifi, wannan sinadari yana ƙona masa abin numfashin. To abu na farko da yaro mai tausayi zai yi shi ne ya dubi ruwan kududdufi ya ga datti ne, ya zubar, ya cika musu mai tsabta daga famfo. Da safe ya tarar da su sun taso, ciki a sama. Ga kuma mazubin kansa: gwangwanin da aka wanke da omo, ko jarkar da ta taɓa ɗaukar kananzir, ko, abin da ya fi muni a ƙauyukan auduga, robar maganin feshi da aka ɗauraye aka ce ta fita. Hannun yaron ma bai tsira ba, da gishirin zufa, da man shafawa, da sauran barkonon ƙosan safe, duk suna shiga jikin abin da ya damƙa.

Sai zafi. Kududdufi yana da zurfi, yana da taɓo mai sanyi a ƙasa, yana da inuwar ciyawa, in rana ta take ɗan kwaɗo ya san inda zai fake. Ruwan gwangwani kuwa kofi biyu ne. A ajiye shi a tsakar gida da hantsi, kafin azahar ya yi zafi, ruwa kuma in ya yi ɗumi iskar da ke cikinsa raguwa take yi. An cusa su ashirin ko talatin a ciki, kowa na neman numfashi. Hausawa sukan ce duniya juyi-juyi, kwaɗo ya faɗa ruwan zafi. A nan hannun yaro ne ya jefa shi, yaron kuma bai sani ba.

Abinci ya fi ruwa wuyar sha'ani. Yawancin 'ya'yan kwaɗi masu jela gansakuka suke kankara da ruɓaɓɓen ganye, abin da kududdufi ke samarwa da kansa. Yaro ya ba su abin da shi yake ci, lomar tuwo, ƙwayar shinkafa, ɓargashin burodi. Ba sa cinyewa, ya kwana ya ruɓe, ruwan ya yi wari ya zama guba. Wasu kuma, irin 'ya'yan manyan kwaɗin ruwa da ake kamawa don ci, mafarauta ne tun suna da jela. In aka haɗa su da ƙanana a mazubi ɗaya sai su bi su su cinye, yaro ya yi ta ƙirga yana ganin suna raguwa, yana zargin ƙaninsa da sata.

Wanda ya tsallake wannan duka yana da wani siraɗin a gaba, kuma shi ne wanda mutane suka fi mamaki in an faɗa musu: ɗan kwaɗo yana nutsewa a ruwa ya mutu. Ƙafafun baya ne ke fara fitowa, sai na gaba, sai jela ta soma shanyewa. A waɗannan kwanaki jikinsa gaba ɗaya ake sake ginawa. Abin numfashin ruwa yana tafiya, huhu yana karɓar aiki, baki yana faɗi, hanji yana gajarcewa domin zai bar cin ganye ya koma cin ƙwari. Ba ya cin komai a lokacin, da jelarsa yake rayuwa. Abin da yake nema shi ne gaɓa, wurin da zai rarrafa ya fita ya shaƙi iska. A kududdufi ko'ina gaɓa ce. A cikin gorar roba mai santsi babu abin kamawa, ya yi ta iyo har ƙarfinsa ya ƙare. In an yi sa'a ya fita da rai, bai fi ƙwayar gyaɗa girma ba, kuma daga ranar ba ya cin komai sai mai motsi. Ka kashe ƙuda ka ajiye a gaban bakinsa, ba zai gan shi a matsayin abinci ba, zai zauna kusa da shi yunwa ta kashe shi. Kullum yana bukatar ƙwari masu rai da suka yi daidai da ɗan bakinsa, 'yan ƙananan tururuwa, gara, ƙudajen da ke bin ruɓaɓɓen mangwaro, kuma iri-iri. Wane yaro ne zai iya wannan safe da yamma har wata uku?

Masu bidiyon nan ba sa nuna wahalar da ke bayan akwatin gilashin. Sayen gyare suke yi daga masu kiwon gyare, su barbaɗa musu garin kalsiyam da bitamin kafin su miƙa wa kwaɗon, domin in babu shi ƙashinsa yakan yi laushi, ƙafafu su karkace, baki ya kasa rufuwa. Suna da ma'aunin zafi da na laima, da ruwan da aka cire wa sinadari, da wutar lantarkin da ba ta ɗaukewa. Da yawa daga kwaɗin nasu ma a akwati aka haife su, kakanninsu ne suka san daji. Yaronmu da gwangwanin Nido ba abu ɗaya suke yi ba, kuma zalunci ne a bar shi yana zaton ɗaya ne.

Ko da a ce wani ya iya duk wannan har damina ta wuce, kwaɗinmu na arewa rayuwarsu kashi biyu ce, kashi na biyun kuwa ba ya yiwuwa a ɗaki. Daga Oktoba kududdufai suna ƙafewa, hunturu ya shigo da busasshiyar iska, sannan Maris da Afrilu zafi ya haura digiri 40. Halittar da fatarta ke zubar da ruwa ba za ta iya zama a fili ba. Wasu sukan shige tsagar laka a filayen karal inda ake dasa masakwa, wasu cikin suri, wasu bangon rijiya. Akwai masu haƙa rami su binne kansu, su lulluɓe jiki da saɓar fatarsu ninki-ninki, su rage numfashi su kwanta watanni har ruwan farko ya jiƙa ƙasa. Gaiwa ma haka take yi, masunta sun sani. Kafin su kwanta sai sun tara kitse daga cin ƙwarin damina, kuma su da kansu suke zaɓar zurfin da ya dace da irin ƙasar. Wanda ya yi damina a gwangwani bai tara komai ba, in ma an sake shi a watan Nuwamba, an sake shi ne ga mutuwa.

Akwai kuma lafiyar yaron, wadda ita ce ya kamata ta fara tayar wa iyaye hankali. Kwaɗon tsakar gida mai kaushin fata, wanda ke zama ƙarƙashin fitila da dare yana cafkar shinge, yana da wasu kumburi biyu a bayan idanu masu fitar da farin ruwa mai guba. Taɓa shi kawai ba ya yin komai. Amma yaro ya matse shi sannan ya murza ido, ko ya kai hannu baki, zai sha azaba, kuma kare ko kyanwar da ta cije shi takan galabaita. Abin da ya fi wannan yawa shi ne ƙwayar cutar salmonela mai sa zazzaɓi da gudawa, wadda kwaɗi ke ɗauke da ita a hanji ba tare da ta dame su ba. A Amurka, tsakanin 2008 da 2011, ɗaruruwan mutane sun kamu da ita, galibinsu ƙananan yara, aka bi diddigi aka tarar daga wasu 'yan ƙananan kwaɗin ruwa ne da ake sayarwa don ado a gida. Asalin irin kwaɗin daga dazuzzukan tsakiyar Afirka yake, har da kudancin Kamaru. Amurka ke nan da ke da ruwa da sabulu a kowane ɗaki. Mu a nan gwangwanin yakan zauna kusa da randa, a wanke shi inda ake wanke kwanuka, jariri mai rarrafe ya tsoma hannu ya kai baki. Shiga kududdufin ma kansa ba wasa ba ne. Tsargiya ta yi katutu a arewacin ƙasar nan, daga katantanwar ruwan kwance take fitowa ta huda fatar mai wanka, ramukan bulo kuma suna da zurfin da ido ba ya gani.

Na yi wannan magana a majalisa bayan isha'i, wani dattijo maƙwabcina ya ce, "Haba Malam, kwaɗi fa? Da daddare ba sa barin mu barci. Uwa ɗaya dubbai take zubawa. Don yara sun ɗebi ashirin me ya ragu?" Na ce, "Baba, a lissafi gaskiyarka." Kuma gaskiyarsa ce. Kwaɗon tsakar gida yana zuba ƙwai dubbai a jere cikin dogon zare mai yauƙi, kuma mafi yawansu ba sa kai wa ga girma ko da ba wanda ya taɓa su. Tarwaɗa ta ci, ƙwarin ruwa su ci, belbela da zalɓe su tsince, rana ta ƙafar da kududdufi kafin su yi ƙafafu. Ba zan yi da'awar cewa gwangwanin yaran unguwarmu zai ƙarar da kwaɗin Binuwai ba. Haka kuma ba zan ce kwaɗi ne maganin zazzaɓin cizon sauro ba, kamar yadda wasu masu son kare su ke faɗa. Suna cin ƙwari da yawa a gona da gida, amma sauro kaɗan ne a cikin abincinsu, gidan sauro da magani suna nan a matsayinsu.

Sai dai tambayar ba ta tsaya a kan nawa suka ragu ba. Wanda tarwaɗa ta ci ya shiga cikin tarwaɗa, tarwaɗar ta shiga tukunyarmu. Wanda shamuwa ta ɗauka ya zama abincin 'ya'yanta a kan bishiyar ƙofar gida. Wanda ya mutu a gwangwani bai amfani kowa ba, kuma ya mutu a hankali, da yunwa ko zafi, a hannun wanda ya tsare shi. Addininmu bai bar wannan a duhu ba. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwa: ta ɗaure ta, ba ta ciyar da ita ba, ba ta shayar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci da kanta ba. Laifin matar ba a yawan kyanwoyin garin aka auna shi ba. A kan kwaɗo kansa ma akwai hadisi, wanda Abu Dawuda da Nasa'i suka kawo daga Abdurrahman ɗan Usman, cewa wani mai magani ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, game da sa kwaɗo a cikin magani, sai ya hana shi kashe shi. Malaman fiƙihu sun yi saɓani a kan cin namansa, wannan fagensu ne. Amma ban san wanda ya halatta a tsare shi ya mutu a banza ba. Yaro bai balaga ba, alƙalami bai hau kansa ba. Uban da ya ga gwangwanin ya wuce, shi ne abin tambaya.

Kuma abin da ya fi damuna shi ne abin da yaron ke koya. Karo na farko yakan yi kuka. Karo na biyu ya ɗan yi shiru. Daga nan ya gane cewa in sun mutu ana zubarwa a ɗebo wasu, ba wanda zai ce masa komai. Tausayin da ya sa shi ɗauko su da farko, shi ne muke barin ya dushe.

Maganar yawa ma ba ta da tabbas kamar yadda kunne ke ji da dare. Kwaɗi da danginsu su ne rukunin dabbobi masu ƙashin baya da suka fi shiga haɗari a duniya: ƙididdigar da aka fitar a 2023 ta nuna kusan kashi 41 cikin 100 na nau'o'insu suna fuskantar ƙarewa. Kamaru na da nau'i sama da 200, tana cikin ƙasashen Afirka da suka fi kowa, wasu ba a samun su ko'ina a duniya sai a kan dutse ɗaya ko tafki ɗaya, kamar wanda ke Tafkin Oku a yankin Arewa maso Yamma. Namu na nan arewa sun fi waɗancan juriya da yaɗuwa, amma rayuwarsu duk ta rataya ne a kan ruwan wucin gadi, kuma mun ga abin da ke faruwa in an taɓa shi. Da aka gina madatsar Maga a 1979 don noman shinkafar kamfanin SEMRY, ambaliyar kogin Logon ta daina isa wani babban yanki na fadamar da ke kusa da gandun dajin Waza, ciyawa ta canza, kifi ya ragu, makiyaya da masunta suka watse, sai a 1994 aka sake buɗe wa ruwan wata hanya. A cikin gari kuwa ana cike fadamu ana yanka filaye, leda da baƙin mai suna gangarawa cikin abin da ya saura. A karkara ana feshin auduga sau da dama a damina ɗaya, maganin kashe ciyawa ya maye gurbin fartanya a gonaki da yawa, kuma sau nawa muka ga an wanke famfon feshi a bakin kududdufi? Wasu daga waɗannan magunguna an tabbatar suna kashe 'ya'yan kwaɗi. Ga fataucin busassun kwaɗi, da ake kwasa buhu-buhu daga arewacin Najeriya da Benin da maƙwabtansu zuwa kasuwannin kudancin Najeriya. Masu cin kwaɗo a cikin maƙwabtanmu ba na zarginsu, abincinsu ne tun kaka da kakanni. Ina dai cewa halittar da ake matsa wa ta ko'ina ba ta bukatar a ƙara mata wata sabuwar hanyar asara.

Tsorona na gaske shi ne ranar da kuɗi za su shigo ciki. Yau wasan yara ne, gobe wani ya lura cewa ɗan ƙaramin kwaɗon nan mai launi da ke manne a ganyen gero yana da kyau a hoto, ya sa shi a kwalba ya yi masa kuɗi, ɗari biyu, ɗari biyar. Daga nan yara sun zama masu kamowa, kuma ba ashirin za a riƙa ɗiba ba. Ƙasar nan ta riga ta ga irin haka. Kwaɗon da ya fi kowane girma a duniya, wanda ake kira Goliyat, a kogunan kudancin Kamaru da Ikwatoriyal Gini kaɗai yake, tsawon jikinsa kan kai santimita 32, nauyinsa ya haura kilo 3. An yi ta kama shi don nama, an kuma yi ta fitar da shi waje don gidajen zu da masu sha'awar ajiyewa, har da gasar tsallen kwaɗi a Amurka. Ba ya jure tsarewa. Yau yana cikin jerin masu fuskantar ƙarewa, kuma yana rukunin A, wato waɗanda doka ta hana taɓawa kwata-kwata. Dokar daji ta 1994 ce ta raba namun daji rukuni uku, A da B da C, an kuma sabunta dokar a 2024. Ban ce ma'aikatan gandun daji su bi yara da sanda ba. Amma duk wanda ya fara tallar kwaɗi masu rai a kasuwa ko a WhatsApp, ya kamata a tambaye shi takardar izini tun abin bai yi reshe ba.

Fatauci yana tafiya da cuta. Akwai wata cuta dangin funfuna da ke kama fatar kwaɗi, wadda masana suka gano a ƙarshen shekarun 1990. Wani babban bincike na 2019 ya danganta ta da raguwar nau'i kusan 500 a duniya, 90 daga ciki ana jin sun ƙare gaba ɗaya, kuma jigilar kwaɗi daga ƙasa zuwa ƙasa na cikin abin da ya yaɗa ta. An same ta a duwatsun kudancin ƙasar nan, irin su Manenguba da Oku. Ba ta son zafi sosai, wannan rahama ce ga Garwa da Marwa da Kusiri. Amma tudun Adamawa yana da sanyi, kuma jirgin ƙasa daga Yawunde a Ngawundare yake tsayawa. Kwalba ɗaya da wani ya riƙo wa ɗansa tsaraba, ya gaji da ita ya juye a rafi, ta isa.

To me za a ce wa yaron da idonsa ke kan ruwa? Duka da tsawa ba za su yi ba, ɓoyewa kawai zai koya. Anas ɗan Malik ya ba da labarin ƙaninsa Abu Umair, wanda yake da ɗan tsuntsu yana wasa da shi, tsuntsun ya mutu, Manzon Allah ya gan shi cikin damuwa ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin lallashi. Daga nan malamai suka fahimci cewa yaro zai iya riƙe dabba, muddin ana ba ta haƙƙinta. Wanda ke son kiwo na gaske, ga tantabara, ga zomo, ga 'yan tsaki, ga ɗan akuya. Waɗannan mun san cinsu da shansu, akwai wanda zai koya masa a kowane gida, kuma suna sabawa da mai su. Kwaɗo ba ya sabo. Ɗaukarsa a hannu tsoro ne a wurinsa ko an yi sau ɗari.

In kuwa kallon rikiɗar ne ke jan hankalinsa, ina goyon baya a ba shi dama, da sharaɗin aro ne na 'yan makonni kuma babba yana tsaye a kai. Babba ya raka shi, a ɗebo daga gaɓa ba tare da an shiga ruwa ba. Biyar ko shida sun isa, masu girma ɗaya. A sa su a faffaɗar roba ko kaskon da bai taɓa ganin sabulu ba, da ruwan kududdufin da aka ɗebo su da ɗan taɓonsa da ciyawarsa, in ya ragu a ƙara da ruwan sama. A ajiye a inuwa, nesa da madafa da randa da inda jariri ke rarrafe. A jingina dutse ko ɓawon itace ya fito saman ruwa. A riƙa duba ruwan saboda tsutsar sauro, in an gani a kwashe. Ba a ɗaukarsu a hannu, wanda ya taɓa ruwan kuma ya wanke hannu da sabulu. Ranar da ƙafafun gaba suka fito, jela ta soma gajarta, ranar za a mayar, da yamma in rana ta yi sanyi, kuma a kududdufin da aka ɗebo su, ba wani ba. Yaron da kansa zai juye. Zai yi ƙorafi, zai ce, "Baba, yanzu fa suka zama kwaɗi." A ce masa e, shi ya sa, daga yau abincinsu ba ya hannunmu.

Wannan aiki ya fi dacewa da makaranta fiye da gida. Ana komawa aji a farkon Satumba, ruwa bai ɗauke ba, kududdufai suna nan da 'ya'yan kwaɗi. Darasin rikiɗar kwaɗo yana cikin abin da ake koya wa yara, amma galibi a allo ake zana shi, ƙwai, kibiya, mai jela, kibiya, kwaɗo, su haddace su rubuta a jarrabawa. Kasko ɗaya a kusurwar aji, ƙarƙashin kulawar malami, zai wadatar da yara sittin, su riƙa zana abin da suka gani kowace safiya, ranar mayarwa a fita tare. Gwangwani sittin sun zama kasko ɗaya ke nan. Kuma a Garwa muke da makarantar horar da ma'aikatan namun daji tun 1970, wadda ɗalibai daga ƙasashen Afirka da dama ke zuwa. Ina roƙon shugabannin makarantun firamare da ƙungiyoyin iyaye su nemi a turo musu ɗalibanta ko sau ɗaya a farkon zango, su nuna wa malamai yadda ake haɗa kaskon, su kuma koya wa yara bambanta kwaɗon tsakar gida mai guba da na ruwa.